DAGA BAKIN ALLO: Tsohon Tobogan Da Kwamin Alhaji

 A watan jiya na yi alkawarin za mu ci gaba da zancen yaranmu da ke barin makaranta tun ba su gama firamare ba, to amma ku yi mini afuwa, wani al'amari ya faru a unguwarmu ta Biyafara a lokacin dogon hutun da ya wuce, wanda na ga bai kamata in bar shi ya huce ba. Zancen wani tsohon tobogan ne, wato abin zamiyar nan da yara ke hawa ta tsani su sulalo ta ɗaya gefen, amma irin wanda ake kafawa a bakin kwamin wanka, yaro ya sulalo ya faɗa cikin ruwa.

Na san wani zai ce lalle Malam ya rasa abin rubutawa. Mu da muke zaune a gidan haya mai ɗaki 12 da famfo ɗaya, kullum da asuba ana layin bayi, ina ruwanmu da kwamin wanka? Ɗan'uwa yi haƙuri ka bi ni zuwa ƙarshe, za ka tarar da ruwanka a ciki.

Muna da wani maƙwabci, dattijo, ɗan kasuwar goro, wanda ya shekara fiye da 40 yana sayen goro a Anyama yana aikawa gida. Allah ya rufa masa asiri, ya kuma albarkace shi da jikoki, har 11 suna zaune tare da shi. Bara ya sayi wani kango da ke bayan gidansa, ya haɗe shi da gidan, ya sa magini ya gina masa kwami na siminti, tsawon mita 6, faɗin mita 3. Mutanen unguwa suka yi ta surutu, wasu suka ce Alhaji ya zama Bature da tsufansa. Amma ni na san dalilinsa, kuma dalili ne mai ƙarfi. Duk wanda ya tashi a Biyafara ya san lagun Ebriye ba shi da nisa da ƙofar gidan kowa, kuma babu wani yaro da za a yi zafin watan Maris bai ji ruwan yana kiransa ba. Sau biyu ana kamo wa Alhaji jikokinsa a bakin lagun da riguna a hannu. Ya yi duka ya gaji, ya yi faɗa ya gaji, sai ya ce tun da ruwa suke so, bari ya kawo musu ruwan cikin gida inda idonsa zai kai.

Wata Asabar da safe sai ga aike wai in zo Alhaji yana nemana. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, kai ne mai lissafi a unguwar nan, zo ka raka ni Ajame, na ga wani abu wurin 'yan gwangwan, ina so ka duba mini kafin in biya."

Wanda bai san inda irin waɗannan kaya ke fitowa ba, daga manyan gidajen Kokodi da Ribiyera da Markori suke fitowa. Idan mai gida ya tashi, ko sabon mai gida ya zo ya ce a rushe a sake fasali, sai a fitar da tsofaffin kaya waje, 'yan gwangwan su saya a kan kuɗi kaɗan, su tara a rumfunansu. A can muka same shi a jingine da bango, tsakanin tsofaffin firji da ƙofofin mota. Tsayinsa kusan mita 2, jikinsa na fayiba ne, wato irin robar nan mai zaren gilashi da ake ƙera ƙananan jiragen ruwa da ita, tsaninsa kuwa na bututun ƙarfe. Da alama a zamaninsa shuɗi ne, amma rana ta cinye launin, idan ka shafa sai wani farin gari kamar na alli ya biyo hannunka.

Mai rumfa ya ce ai sabo ne, wanki kawai yake so. Na ce to bari mu gani. Ga abin da na yi, kuma ina ba duk mai sayen irin wannan kaya shawarar ya yi. Na sa aka kwantar da shi aka kifa, domin ciwon tsohon kaya a ƙasansa yake ɓuya. Na bi shi da gindin makulli ina ƙwanƙwasawa. Inda yake da lafiya sai ka ji amo mai ƙarfi, inda ya rabu daga ciki kuwa sai ka ji kamar kana bugun kwali. Na sami wuri biyu haka, ɗaya a daidai inda ƙafafun ƙarfe ke riƙe da shi. Na taka tsakiyarsa da ƙafa don in ga ko zai lotsa. Na duba gefunansa na ga tsaga uku, ɗaya ta kai tsawon tafin hannu, zaren gilashin ya fito tsiri-tsiri. Daga nan na koma kan tsani. Daga sama lafiya lau, amma da na soka ƙusa a gindin ƙafafun sai ta shige kamar cikin biredi, tsatsa ta cinye bututun daga ciki.

Na ja Alhaji gefe na ce masa, "Baba Alhaji, abin nan zai gyaru, amma ka sani kuɗin gyaransa zai fi kuɗin sayensa." Ya ce shi dai a saya. Aka yi ciniki, daga jaka 60 na sefa aka sauko zuwa jaka 35, muka ɗauki ƙaramar motar kaya, muka ratsa Filato, muka haye gada zuwa Tireshbil, yaran unguwa suka tarye mu da ihu kamar an kawo amarya.

Gyaran ya ci mana mako uku. Da farko wani ya kawo shawarar a sayo fentin mai a shafe shi kawai, kwana ɗaya an gama. Na ƙi. Fenti yana rufe tsaga ne ga ido, amma ba ya rufe ta ga fatar yaro, kuma fentin da ba na ruwa ba ne, wata biyu zai fara ɓarewa yana zuba cikin kwami. Muka nemo wani mai gyaran jikin mota wanda ya taɓa aiki wurin masu gyaran jiragen ruwa, ya san aikin fayiba. Ya fara da wanke shi da sabulu da buroshi, ya bar shi kwana biyu ya bushe sarai, don ya ce ɗanko ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Sa'an nan ya bi kowace tsaga ya huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba da tafiya, ya kankare gefunanta, ya koma ta ƙasa ya shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi hawa uku, kowane hawa yana jiƙa shi da ɗankon da suke kira rezin. Wannan ɗanko ana ɗiga masa wani ruwa ne kaɗan, kamar kashi 2 cikin 100, shi ke sa ya daskare, kuma a zafin Abijan ba ya jiran kowa, cikin 'yan mintoci ya yi tauri, don haka kaɗan-kaɗan ake haɗa shi. Wuraren nan biyu da suka yi amon kwali sai da ya yanke su gaba ɗaya ya sake ginawa.

Bayan haka aka shiga guga da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ta ƙarshe da ruwa ake yin ta. A nan ina jan kunnen duk mai irin wannan aiki, ya rufe hancinsa da idonsa, ya sa safar hannu, ya kori yara daga wurin, domin ƙurar fayiba tana shiga fata ta yi ta ƙaiƙayi, shaƙarta kuma ba alheri ba ce. Ni da na yi gardama ranar farko, kwana biyu ina susa. Da aka gama aka shafa masa sabuwar fata irin ta jiragen ruwa, aka sake gogewa har yana ɗaukar ido. Hajiya, uwargidan Alhaji, ita ta kawo gwajin da ya fi na kowa. Ta ɗauko wani tsohon mayafinta mai laushi ta ce a ja shi a hankali daga sama har ƙasa, ta ce duk abin da ya kama zaren mayafi zai kama cinyar jikanta. Aka ja, ya sarƙe a wuri biyu, mai gyara ya koma ya sake guga.

Tsani kuwa mai walda ya yanke duk ƙafafun da suka ruɓe ya sa sababbi, ya ƙara marikin hannu a sama, aka manna wa kowace matakala roba mai kaushi saboda jiƙaƙƙiyar ƙafa. Duk tsofaffin ƙusoshi da notuna aka zubar, aka sayo na ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda a nan ake kira inoks, masu zagayayyen kai don kada su yagi fata. Sun yi tsada, Alhaji ya yi ƙorafi, sai na tuna masa inda muke zaune. Tun da aka buɗe mashigin Biridi a 1950 aka haɗa lagun da teku, ruwan gishiri ke shigowa har gabanmu, iskar da muke shaƙa ma da gishirinta, shi ya sa ƙofar ƙarfen da za ta shekara 20 a Maraɗi ko Katsina, a nan kafin ka ankara ta fara zubar da ja. Da muka haɗa lissafi gyaran ya tashi jaka 80 da 'yan kai. Alhaji ya girgiza kai ya ce, "Gaskiyar Hausawa, araha ba ta ado."

To jama'a, duk wannan mai sauƙi ne. Inda aka sami matsala shi ne ranar da na sa ma'auni cikin kwamin. Zurfin ruwan santimita 60 ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan, wato da kaɗan ya wuce gwiwar babban mutum. Na ce wa Alhaji ba za a kafa tobogan a kan wannan ruwa ba. Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. Ya ce, "Malam, da gangan na sa aka yi shi haka. Ruwa mai zurfi shi ke cin yara. Yanzu kai da nake ganin ka fi kowa hankali, kai ne za ka ce in ƙara zurfi?"

Na yi masa bayani iyakar iyawata. Na ce maganarsa gaskiya ce ga yaron da ke tsaye yana wasa, amma wanda ya sulalo daga tsayin mita 2 a kan abu mai santsi, da gudu yake isowa, kuma ruwan ne kaɗai birkinsa. Idan ruwan bai isa ya tare shi ba, siminti ne zai tare shi. Wanda ya zo da ƙafa zai ji a diddige ko a ƙugu, wanda ya zo da ka kuwa, kuma babu makawa wata rana wani zai gwada, wuyansa ne zai ɗauki nauyin jikinsa duka, abin da kan bar mutum kwance har ƙarshen rayuwarsa. Na gaya masa a Amurka, inda irin waɗannan kaya suka yi yawa, tun 1976 hukuma ta kafa ƙa'ida ta musamman a kan tobogan na kwamin wanka saboda irin wannan rauni, kuma masu ƙera su ba sa yarda a kafa su sai inda ruwa ya kai kusan mita ɗaya a bakin faɗawa, ya kuma ƙara zurfi a gaba. Alhaji ya ce shi ba Ba'amurke ba ne, kuma bai kashe fiye da jaka 100 don ya ajiye kayan kallo ba. Na ce to ni dai hannuna ba ya ciki. Muka rabu ba daɗi, mako guda gaisuwa kawai ke haɗa mu a masallaci.

Ashe a cikin makon nan samarin gidan sun ƙosa. Wata rana da la'asar suka jawo tobogan zuwa bakin kwami, mutum huɗu suka riƙe ƙafafunsa, aka zuba ruwa da bokiti, autan Alhaji, saurayi ɗan shekara 19, ya ce shi zai buɗe. Ya hau ya sulalo a zaune, ƙafa a gaba, yadda ya kamata. Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar da diddigensa ta yi a kan siminti har cikin gida an ji. Aka kai shi asibiti, aka ɗauki hoto, Allah ya taƙaita, targaɗe ne da ɗan tsagewar ƙashi, amma sai da ya yi wata guda da sanda. Da dare Alhaji ya zo gidana da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna ya yi shiru, can ya ce, "Malam, da ƙaramin ne ya zo da ka fa?" Ban ce masa na faɗa maka ba, domin ni ma da laifina. Da na san ba a kafa shi ba, kamata ya yi in sa a ɗaure shi da sarƙa a kife, amma fushi ya sa na juya baya na bar shi a jingine inda kowa zai iya jawowa.

Washegari muka zauna da magini. Ya ce tono ba zai yiwu sosai ba, don a unguwarmu ba ka yin nisa da haƙa sai ruwan ƙasa ya taso ya same ka. Shawararsa ita ce a ɗaga bangon kwamin sama da kankare da rodi, a yi dakali mai ƙarfi a gefen da tobogan zai zauna, ɗaya ƙarshen kuma a cike ƙasansa a yi matakala, ya zama wurin ƙanana, a raba tsakani da shingen ƙarfe. Haka aka yi. Zurfin gefen faɗawa ya koma mita 1 da santimita 20. Aka kuma juya bakin tobogan ya fuskanci tsawon kwamin, domin da a faɗinsa aka sa shi, mita 3 ba ta isa ba, yaro zai je ya yi karo da bangon da ke gabansa.

Muna cikin wannan lissafi sai Hajiya ta leƙo daga bayan labule ta yi tambayar da ta fi duk lissafinmu. Ta ce, "Malam, kun ƙara wa ruwa zurfi saboda manya. To mai rarrafe fa? Ranar da nake kicin, Alhaji yana kasuwa, iyayensu mata suna wanki, wa zai hana shi zuwa?" Muka dubi juna. Gaskiya ce tsagwaronta, gyaran da muka yi ya toshe wani haɗari ya buɗe wani. Na tuna cewa a Faransa tun 2003 doka ta wajabta wa mai kwami irin wanda aka haƙa a gida ya sa ɗaya daga cikin abu huɗu, ko shinge, ko ƙararrawa, ko murfi mai ƙarfi, ko rumfa mai rufewa. Muka zaɓi shinge. Mai walda ya kewaye wurin gaba ɗaya da ƙarfe mai tsayin mita 1 da santimita 20, sandunan a tsaye kuma kusa da juna, babu inda yaro zai taka ya haura ko ya zura kai, da ƙofa mai komawa da kanta, sakata a can sama, da kwado. Makullin yana ɗaure a bakin zanen Hajiya, kuma wanda ya san Hajiya ya san ya fi zama lafiya a can fiye da cikin banki.

Kafawar kanta ba ta da wuya idan an bi ta a hankali. An dasa ƙusoshin riƙo a cikin kankaren dakalin tun yana ɗanye, bayan an auna ramukan ƙafafun da katako don kada a yi kuskure. Magini ya ɗora ma'auninsa mai ƙwayar iska ya tabbatar babu karkata ko ta ina. Bakin tobogan ya shiga kan ruwa sosai, yadda mai faɗawa ba zai gogi gefen siminti da bayansa ba. Mai gyaran famfo ya jawo siririn bututu zuwa sama don ruwa ya riƙa gangarowa, saboda busasshiyar fayiba a rana tana ƙuna kuma tana kankare fata. Injin ruwan aka sa shi a ɗakinsa nesa da kwami, mai aikin lantarki ya haɗa masa wayar ƙasa da abin yanke wuta, ya kuma haɗa tsanin ƙarfen da wayar ƙasa, domin ruwa da lantarki ba sa ga maciji. Sa'an nan sai jira. Siminti ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28, kuma wannan karon Alhaji da kansa ya ce ko kwana ɗaya ba za a rage ba. Ranar buɗewa ni na fara hawa, da tumbina da furfurata, na jijjiga shi iya ƙarfina, na sulalo, ɗalibaina da ke wurin suka yi ta dariya har da faɗuwa.

Na rubuta musu dokoki a allo da Hausa da Faransanci aka rataye a jikin shinge. Mutum ɗaya ke hawa a lokaci guda. A zaune ake saukowa, ƙafa a gaba. Ba a sauka sai na gaba ya matsa. Wanda bai iya iyo ba, gefen ƙanana ne wurinsa. Ba a buɗe ƙofa sai da babba a wurin, kuma babban nan ba ya riƙe waya, ba ya tsinar shinkafa, ba ya kitso, aikinsa kallo. Na ƙara da lambar 'yan kwana-kwana, 180, a ƙasa da manyan baƙaƙe.

Yanzu bari in dawo kanka, kai da ka ce ina ruwanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2024 inda ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma idan aka auna da yawan jama'a nahiyarmu ta Afirka ce abin ya fi tsanani. Yawancin waɗannan yara ba su taɓa ganin kwamin wanka ba. Ƙaramin yaro kansa yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa, idan ya leƙa bokiti ko baho ya kifa, ba ya iya ɗagowa, kuma ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba ya isa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wanda ruwa ke ci ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a sinima, shiru yake tafiya, cikin 'yan mintoci, wani lokaci uwarsa na nan kusa ta ba shi baya. To ka dubi tsakar gidanku yau da yamma, ka ƙirga duro nawa ne a buɗe saboda tsoron ɗaukewar famfo, baho nawa aka bari da ruwan wanki, ina rijiyar da murfinta ya ruɓe, ina lambatun da ke cika ya batse a ruwan watan Yuni. Kowane ɗaya daga cikinsu kwamin Alhaji ne wanda ba a kewaye ba, kuma murfin duro bai kai kuɗin garba na kwana uku ba.

Abu na biyu, shinge da duka ba za su raba yaranmu da ruwa har abada ba. Gari ne da ruwa ya kewaye, muna shiga jirgin ruwa mu haye zuwa Filato da Yofugon, ranar salla samarinmu suna cika motoci zuwa bakin teku a Bassam, inda igiyar ruwa ke jan ƙwararru ma balle ɗan koyo. A 1992, muna aji biyar, mu huɗu muka gudu daga makarantar allo muka tafi bakin lagun, mu uku muka dawo. Babu ko ɗayanmu da ya iya iyo, babu kuma wanda ya san abin da zai yi sai gudu. Har yau idan na wuce ta wurin nakan tuna mahaifiyarsa tsaye da mayafi a hannu. Iyayenmu sun hana mu zuwa ruwa, Allah ya saka musu, amma babu wanda ya koya mana abin da za mu yi ranar da muka saɓa, alhali kowane yaro yana da ranar saɓawa.

Malamai sun sha gaya mana an ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi umurni da a koya wa yara iyo, kuma shi mutumin sahara ne. Mu da muke bakin lagun mene ne uzurinmu? Ga Piscine d'État nan a cikin Tireshbil, ba sai mun hau mota mai nisa ba. Ina kira ga shugabannin al'ummarmu, da kwamitocin masallatai, da ƙungiyoyin iyayen yara, da 'yan'uwana malamai na boko da na allo, mu zauna mu tura wakilai su je su ji yadda za a yi a sama wa yaranmu lokaci da mai koyarwa, a yi karo-karo yadda muke yi na biki da na jana'iza. A nemi lokaci dabam da mace mai koyarwa saboda 'yan mata, domin ruwa ba ya tambayar jinsi. A kuma nemi wanda ya san taimakon gaggawa ya zo ya nuna wa iyaye yadda ake ceto numfashin wanda aka tsamo. Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2021 ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don tunatarwa a kan wannan bala'i, kuma ranar tana faɗowa ne a tsakiyar dogon hutu. Me zai hana mu sa ta zama ranar da za a ce yaran Biyafara da Ajame kaza sun iya iyo bana?

Alhaji dai ya riga ya fara. Ya ɗauko wani mai koyar da iyo yana zuwa duk Lahadi da safe, ya kuma ce 'ya'yan maƙwabta su zo biyar-biyar, da sharaɗin kowane rukuni ya zo da babba ɗaya mai kallo. Jikokinsa shida yanzu suna ratsa kwamin daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba tare da sun taka ƙasa ba. Autan nasa ya ajiye sanda, shi ne ma yake tsaye a gindin tsani yana korar duk wanda ya yi niyyar saukowa da ka. Ranar nan na tarar da Alhaji zaune a kujera cikin shinge, carbi a hannu, ido a kan ruwa, na yi masa sallama ya amsa bai ko waiwayo ba. Na ce a raina, lalle dattijon nan ya haddace darasi fiye da wasu ɗalibaina.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Mai shawara ko gyara ya aiko ta ofishin jarida kamar kullum. Zancen masu barin makaranta kuwa yana nan, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.